Kundin Aikin Rubuta Tarihin Gidan Abincin Ben's Chili Bowl

Asabar, 14 ga Janairu, 2023

Yau na soma aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato tattara tarihin gidan abincin nan na Ben's Chili Bowl da ke lamba 1213 a kan titin U a birnin Washington, da niyyar in mayar da shi ɗan ƙaramin littafi da Hausa. Shekaruna tara ina zaune a Hyattsville, wani gari na jihar Maryland da ke gefen Washington, kuma duk baƙon da ya zo mini daga gida, idan na gama zagayawa da shi ya ga fadar shugaban ƙasa da ginin majalisa, nan nake kawo shi ya huta. Sai bana na lura cewa abin da nake gaya wa baƙin bai taɓa wuce magana ɗaya ba, wai Obama ya taɓa cin abinci a nan. Gidan da ya shekara 64 yana buɗe ƙofa a wuri ɗaya ya fi ƙarfin wannan maganar, kuma kunyar hakan ce ta sa na sayi littafin rubutu.

Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na Koren Layi, na sauka a tashar titin U, na tsallaka titi na shiga. Ban yi wa kowa tambaya ba, zama kawai na yi ina kallo. Ɗakin gaba dogo ne siriri, da kanta a gefe guda da jerin kujeru masu ƙafa ɗaya waɗanda ke juyawa da mai zama, a ɗaya gefen kuma ƙananan tebura a manne da bango. Faffaɗan ƙarfen suyar yana can gaba a bakin taga, ta yadda mai wucewa a waje zai ga nama yana nashe mai tun kafin ya yanke shawarar shiga, dabarar da duk mai tukubar tsire a Kano ya sani. Akwai akwatin kiɗa, akwai hotuna a bango har kusan rufi. Kantar da kujerun su ne na 1958, kuma idan mutum ya dafa gefen kantar zai ji inda hannaye suka side shi ya yi santsi.

Asabar, 4 ga Fabrairu, 2023

Na shafe Asabar biyu a babban ɗakin karatu na birnin, wanda ke ɗauke da sunan Martin Luther King, a sashen da ake ajiye tsofaffin takardun tarihin Washington da kayan jaridar Evening Star, wadda ta daina fitowa a 1981. Babi na farko ya sami ƙashin baya.

Mai gidan, Mahaboob Ben Ali, an haife shi ne a tsibirin Trinidad a 1927, Musulmi ne jikan mutanen da suka fito daga Indiya. Ya zo Amurka karatu a 1945, yana cikin karatun ya faɗa cikin ramin lif ya ji mummunan rauni a baya, bayan ya warke ya kai ga shiga sashen koyon likitancin haƙori a Jami'ar Howard, wadda ba ta da nisa da titin U, amma bai kammala ba. Ita kuwa Virginia Rollins kashiya ce a Industrial Bank, bankin baƙaƙen fata da aka kafa a 1934, wanda har yau yake a kusurwar titi na 11 da titin U. Sun buɗe gidan abincin ranar 22 ga Agusta, 1958, da jarin dala 5,000, aka ɗaura musu aure ranar 10 ga Oktoba, wato mako bakwai bayan buɗewa. Shi kansa ginin ya girme su duka biyun, domin tun 1910 aka gina shi a matsayin gidan silima marar magana mai suna Minnehaha, daga baya Harry Beckley, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka zama 'yan sandan ciki a birnin, ya mayar da shi gidan wasan sinuka.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne shekarar buɗewar. Marubuta da yawa suna faɗin cewa an buɗe gidan ne a lokacin da titin U ke ganiyarsa, lokacin da gidajen wasa irin su Lincoln, wanda ke jikin gidan abincin, da Howard suke cika maƙil, unguwar da shahararren makaɗin nan Duke Ellington ya tashi a cikinta tana kwana da kiɗa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Abin da ya raya titin U shi ne wariya, domin baƙar fatar da ba a yarda ya zauna ya ci abinci a tsakiyar gari ba dole ya kashe kuɗinsa a unguwarsu. A 1950 wata tsohuwa mai shekara 86, Mary Church Terrell, ta shiga gidan abincin Thompson tare da abokan gwagwarmayarta, aka ƙi ba su abinci, suka tono wasu dokoki na 1872 da 1873 da aka daɗe da yin watsi da su, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 8 ga Yuni, 1953, cewa dokokin suna nan daram, gidajen abincin Washington ba su da ikon korar kowa saboda launin fatarsa. Ke nan Ben da Virginia sun zuba jarinsu ne shekara biyar bayan an buɗe wa masu kuɗin unguwar ƙofofin sauran gari. Sun shiga kasuwar ne da la'asar, ba da hantsi ba, kuma da haka zan buɗe babin.

Asabar, 25 ga Fabrairu, 2023

Makon nan rigimar kalmomi na yi. Abincin da gidan ya yi suna a kansa ana ce masa half-smoke, kuma na yanke shawarar barin sunan yadda yake, in yi bayani sau ɗaya: niƙaƙƙen naman sa ne da na alade a gauraye, a dura shi cikin hanji, a yi masa hayaƙi, a gasa shi a kan ƙarfe har ya tsage, a sa shi cikin dogon burodi da yankakkiyar albasa da mastad, sannan a kwarara masa miyar niƙaƙƙen nama mai yaji, wadda ita ce ta ba gidan sunansa. Da farko na rubuta romo, na soke, domin miyar ta fi romo kauri nesa ba kusa ba.

Na san mai karatu a Katsina ko Damagaram zai tsaya cak a kan kalmar alade, ya koma sama ya sake duba sunan mai gidan. Ba zan ɓoye ba, ba zan kuma yi kwaskwarima ba. Ben Ali bai ci alade ba saboda addininsa, don haka wani sashe na abincin da ya ɗaukaka sunansa shi kansa bai kai bakinsa ba, amma ya sayar wa jama'ar da ke cinsa. Zan rubuta haka in wuce, domin tarihi nake tattarawa, fatawa kuwa tana da masu ita. Ni dai idan na je, miyar wake marar nama nake saya da soyayyen dankali, kuma ita nake saya wa baƙina.

Asabar, 11 ga Maris, 2023

Na je wurin wani dattijo namu da ya zo ƙasar nan karatu a farkon shekarun 1980, ya ƙare da tuƙin tasi a birnin na tsawon shekaru, yanzu ya yi ritaya. Mun yi hira ta kusan awa biyu bayan sallar azahar, ya ba ni labarin titin U na wancan zamani filla-filla, ina ta murna a raina. Da na dawo gida na duba waya, sai na tarar minti goma sha ɗaya kawai ta ɗauka, saboda na cika ta da hotunan tsofaffin jaridu ban kwashe ba. Laifina ne ni kaɗai. Na kira shi na ce, "Alhaji, a yi mini aikin gafara, hirarmu ta tafi a iska." Ya yi dariya ya ce, "Malam, tsoho ba ya gajiya da maimaita labari, sai dai mai sauraro ya gaji. Ka bari sai bayan salla." Na zauna a daren na rubuta abin da na iya tunawa, ya cika shafi uku.

Talata, 4 ga Afrilu, 2023

Yau 13 ga Ramadan, kuma yau shekara 55 cif da harbe Martin Luther King a Memphis. Na ɗauki hutun rabin yini domin in taka da ƙafata daga mahaɗar titi na 14 da titin U, inda tarzomar da ta biyo bayan kisan ta faro a daren ranar, zuwa ƙofar gidan abincin. Tafiyar ba ta kai minti biyar ba. A kan takarda na sha karanta cewa wutar ta zo kusa, amma sai da na auna da sawuna na gane irin kusancin.

Kwana huɗu aka yi ana ƙone-ƙone a titi na 14 da na 7 da titin H. Mutum 13 suka mutu, ɗaruruwan shaguna suka zama toka, Shugaba Lyndon Johnson ya turo sojoji sama da 13,000, magajin gari Walter Washington ya kafa dokar hana fita, ya kuma ƙi amincewa da shawarar a riƙa harbin masu wawushe shaguna. Ben Ali ya ɗauki sabulu ya rubuta "Soul Brother" a jikin gilashin tagarsa, alamar da masu shaguna baƙaƙen fata suka yi amfani da ita don a san shagon na ɗan gida ne. Stokely Carmichael, wanda ofishin SNCC, ƙungiyar ɗalibai masu fafutukar 'yancin baƙar fata da ya taɓa jagoranta, ke nan unguwar, ya nemi a bar gidan a buɗe bayan lokacin hana fita, aka kuwa bari, sai ya zamana 'yan gwagwarmaya da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana duk a kanta ɗaya suke cin abinci a waɗannan dararen. Shi ma Carmichael haifaffen Trinidad ne, daga baya ya koma Gini da zama, ya ɗauki sunan Kwame Ture, ya rasu a Konakiri a 1998. Zan ba wannan sakin layi guda, domin mai karatu a Afirka ta Yamma zai so ya sani.

Wannan babin shi ne mafi sauƙin rubutawa, kuma shi nake fi jin tsoro, domin labarin yana da daɗin faɗi har yakan sa mutum ya ɗauka cewa da wutar ta mutu an tsira. Na tsaya a bakin tagar ina kallon mai suya yana jujjuya nama da dogon cokalin ƙarfe, ƙamshin albasa yana fitowa duk lokacin da aka turo ƙofa, ni kuwa da azumi a bakina, sauran kusan awa uku a sha ruwa. Ban jima ba na koma tasha.

Asabar, 29 ga Afrilu, 2023

An yi salla lafiya. A goman ƙarshe ban taɓa aikin ba. Babi na ɗaya da na biyu sun kammala a rubutun farko, kuma na kwashe duk hotunan da ke cikin waya zuwa kwamfuta kafin in koma wurin Alhaji.

Asabar, 20 ga Mayu, 2023

Hira ta biyu ta ɗauku daga farko har ƙarshe, kuma ta sauya mini fasalin littafin. Da na tsara babi biyar masu tsawo ɗaya, yanzu na ga cewa shekarun 1968 zuwa 1991 su ne cikin littafin, sauran kai ne da ƙafa.

Bayan tarzomar, waɗanda ke da hali sun kwashe iyalansu sun koma bayan gari, shagunan da suka ƙone aka bar su kango shekara da shekaru, gidajen wasa suka yi ta rufewa, dillalan miyagun ƙwayoyi, musamman heroin, suka mamaye kusurwoyin titin. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da na ci karo da shi a rubuce wanda ya fi mini dogon bayani: gidan ya daina sayar da kek da sauran kayan zaƙi a wancan lokacin, saboda su ne ke jawo masu shaye-shaye su shigo su zauna. Ɗan kasuwar da ya cire kayan da ake saye daga kantarsa don ya tsare mutuncin wurin, ya san abin da yake karewa. A 1986 gwamnatin birni a ƙarƙashin magajin gari Marion Barry ta buɗe babban ginin ofisoshi na Reeves a daidai mahaɗar da tarzomar ta faro, aka soma sa ran farfaɗowa, sai kuma aikin haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso a 1987, aka farke titin U aka mayar da shi rami. Ma'aikatan gidan suka ragu har ya zama Virginia ce da mutum ɗaya, masu sayen abincin kuwa galibi leburorin da ke haƙa ramin ne. Sai ranar 11 ga Mayu, 1991, aka buɗe tashar, ita ce kuwa wadda nake sauka a cikinta kowace Asabar ba tare da na taɓa tunanin abin da ta ci ba.

Alhaji ya ce a shekarun nan idan fasinja ya ce a kai shi titin U da dare, direba yakan dube shi ta madubi sau biyu kafin ya amsa, kuma lokacin haƙar sai dai a ajiye mota a wani layin a ƙarasa da ƙafa ta kan katakai. Na tambaye shi me yake kai direbobi can duk da haka, ya ce wurin da fitila ke kunne da tsakar dare, aka san za a sami abu mai zafi da wurin zama, direba ba ya manta shi. Ya ƙara da cewa shi shayi da dankali kawai yake saye, kuma ba a taɓa nuna masa cewa cinikinsa ya yi kaɗan ba.

A nan nake ganin amsar tambayar da ta sa na fara aikin. Dare huɗu na 1968 jarumtaka ce da kowa ya gani, amma shekara 23 na buɗe ƙofa kowace safiya a titin da kowa ke gudu, babu mai ɗaukar hoto, babu mai yabo, shi ne abin da ya sa gidan yake nan. Matsalar ita ce waɗannan shekarun su ne mafi ƙarancin hotuna a bangon gidan, don haka babin zai dogara ne a kan bakin mutane da kan takardun iyalin da ke ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar George Washington, inda zan nufa a watan gobe.

Asabar, 17 ga Yuni, 2023

Na rubuta babin shahara, na kuma rage shi da kusan rabi. Abin da ya rage a ciki shi ne sake buɗe gidan wasan Lincoln a 1994, da lambar girmamawa ta gidauniyar James Beard, mai karrama gidajen abinci, a 2004, da zuwan Barack Obama tare da magajin gari Adrian Fenty ranar 10 ga Janairu, 2009, kwana goma kafin a rantsar da shi, da rasuwar Ben Ali ranar 7 ga Oktoba na wannan shekarar yana da shekara 82, da zuwan shugaban Faransa Nicolas Sarkozy a 2010. 'Ya'yansu maza uku, Haidar da Kamal da Nizam, da iyalansu su ne suka karɓi ragamar, suka buɗe rassa, har da na filin wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Nationals.

Da yamma na zauna a lungun da ke gefen ginin, wanda aka sa wa sunan Ben Ali, ina kwafe fuskokin da ke zanen bangon ɗaya bayan ɗaya. Mai zanen, Aniekan Udofia, ɗan asalin Najeriya ne, iyayensa mutanen Akwa Ibom. Zanen farko na 2012 yana ɗauke da fuskar ɗan wasan barkwancin nan Bill Cosby, wanda ya daɗe yana hulɗa da gidan, bayan zarge-zargen cin zarafin mata da aka yi masa kuma aka shafe bangon a 2017, aka yi sabon zane babu shi, aka sa Obama da matarsa da Harriet Tubman da Muhammad Ali da Chuck Brown da wasu. Na yi ta kai-kawo a kan ko in saka wannan, daga ƙarshe na saka shi a jimla biyu, domin bangon ma takardar tarihi ce, kuma abin da aka goge a cikinta yana cikin labarin.

Akwai lissafin da nake so ya zauna a ƙarshen babin ba tare da na yi masa sharhi mai yawa ba. A ƙidayar 1970 baƙaƙen fata su ne kashi 71 cikin ɗari na mazauna Washington, a ta 2020 kuwa sun koma kimanin kashi 41. Titin U ya farfaɗo, dogayen gidajen haya masu tsada sun tsaya a inda kangaye suke, amma da yawa daga cikin jikokin mutanen da aka buɗe gidan dominsu a 1958 yanzu daga Maryland suke shigowa cin abinci, kamar yadda ni ma nake shigowa.

Asabar, 15 ga Yuli, 2023

Babbar salla da baƙi sun cinye mini mako biyu. Na je ɗakin karatu na jami'ar sau ɗaya, zan koma ranar Alhamis. Babi huɗu suna hannu, na uku shi ne mafi tsawo kuma har yanzu yana ƙaruwa, na biyar bai wuce shafi ɗaya ba. Na ba Alhaji babi na uku ya karanta, ya mayar mini da shi da jan biro a wurare shida, huɗu a kan Hausata, biyu a kan sunayen tituna, kuma a duka shidan shi ne da gaskiya. Ranar Talata, 22 ga Agusta, gidan zai cika shekara 65, na nemi hutun wannan ranar a wurin aiki, Alhaji kuma ya ce in biyo in ɗauke shi da ƙarfe goma, shi zai nuna mini layin da suke ajiye mota lokacin da titin yake rami.